Kare Ba Ya Ganin Rigar Bayansa

Ran da takardar hukumar tseren karnuka ta iso Yarrambil, mutum goma sha ɗaya ne suka taru da hantsi a barandar mashayar Bev don jin abin da ta ƙunsa, kuma tun kafin a yage ambulan ɗin Clarrie Pettigrew ya riga ya san maganin matsalar. Haka Allah ya yi shi. Clarrie ya yi askin tumaki, ya yi tuƙin babbar mota, ya yi gyaran famfon rijiya, kuma a kowace sana'a, in daga bakinsa ka ji, hassada ce ta kore shi. Yanzu yana da shekara hamsin da bakwai da tumbi kamar randa, aikinsa a filin tsere shi ne rufe ƙyauren shingen kamu, inda ake kama karnuka bayan tsere, ranar Asabar. Shi dai yana kiran kansa injiniyan ƙarshen tsere.

Bev ita ce mai mashayar, ita ce shugabar ƙungiyar masu tseren karnuka, ita ce kuma mai ba da labarin tsere a lasifika. Ta ɗora tabarau a kan hanci ta karanta. Cikin wata uku karnuka uku sun ji ciwo a filin Yarrambil, kuma ba a cikin gudu ba, a wurin tsayawa. Babu wanda ya yi musu, don kowa ya san yadda abin yake. Zomon ƙarya, wato guntun fatar tunkiya da inji ke ja a kan ƙarfe, yakan kewaya fili da karnuka takwas a bayansa. Da an wuce layin ƙarshe sai ya sulale ta wata 'yar kafa a bangon shinge ya ɓace, ya bar karnuka takwas da gudun mota, kowanne ya saita hancinsa a kafar nan guda ɗaya. Sai karo. Ta ƙarshe da abin ya rutsa da ita ita ce Lamington, karyar Noelene, yayar Clarrie, wadda ta gurɗe kafaɗa ta yi wata guda tana kwance a kan kujerar falo.

"Asabar ta sama jami'arsu za ta zo," in ji Bev. "In kare ɗaya ya fito daga shingen nan yana ɗingishi, kwaɗo za ta garƙama wa filin. Shekara sittin da ɗaya ana tsere a nan, shi ke nan, a watse."

Banki ya bar Yarrambil, jirgin ƙasa ya daina tsayawa, likita ma sai ran Talata. In aka rufe filin karnuka, ranar Asabar sai dai mutane su zauna su kalli juna.

"Yashi," in ji Noelene. "A zuba yashi mai zurfi a shingen, ya ci musu gudu. A kuma jefa musu wani abu babba mai laushi a tsakiya su huce a kansa."

"Ni kuma in riƙa sassauta zomon tun daga kwana," in ji tsoho Athol, wanda ya shekara talatin yana tuƙa zomon ƙarya.

Clarrie ya yi dariya har sai da kofin gabansa ya girgiza.

"Yashi! Haba Yaya, kyanwoyi muke kiwo? Ku tsaya ku ji magana daga wanda ya san aiki. Me ya sa fasinjoji ba sa karo a jirgin sama?"

"Don ba kai ke tuƙi ba," in ji Noelene.

"Don kowa da kujerarsa! To, kowane kare a nan da launin rigarsa yake tashi. Na ɗaya ja, na biyu baƙi-da-fari mai gida-gida, na uku fari, haka har na takwas mai ruwan hoda. Ni Clarrie zan jera katifa takwas a shingen nan, kowacce da launin riga ɗaya. Mai ja ya tafi ja, mai kore ya tafi kore. Kowa ya faɗa gadonsa. Ina karo? Na rantse muku, daga birnin Sydney za a zo koyon wannan dabara, kuma ba zan koya wa kowa ba sai ya cire hula."

Bev ta ce motar yashi ba za ta samu zuwa ba sai ran Juma'a, kuma tunda hana Clarrie magana ya fi kama kare da hannu wuya, a bar shi ya yi ta fama da katifunsa kafin nan.

Neman katifa takwas a garin mutum ɗari huɗu ba wasa ba ne. Clarrie ya bi gida gida da tsohuwar a-kori-kurarsa yana cewa taimakon ƙasa ne. Ya samu biyu a ɗakunan baƙi na saman mashaya, ɗayar ma sai da ya mirgine wani mai askin tumaki da ke sharar barcin rana a kanta. Mutumin ya biyo shi har matakala da gajeren wando yana tambayar ko gobara ce. Ya samu ɗaya a wurin Athol, wadda ta shekara ashirin tana ɗaukar Athol har ta yi rami daidai siffarsa. Matar mai gyaran taya ta ba shi tata da sharaɗin kada ya dawo da ita, don ta daɗe tana neman dalilin sayen sabuwa. Kafin Litinin ya cika takwas, ya jera su a bayan gidan Noelene, ya kwaso gwangwanayen fentin da ake yi wa tumaki shaida.

Ja ta yi kyau. Shuɗiya ta yi kyau, sai dai iska ta taso ta raba shuɗin da zannuwan gadon da Noelene ta shanya. Ruwan hoda babu shi a fentin tumaki, sai ya gauraya ja da fari, ya samu wani launi irin na naman da bai gasu ba, ya ce ai ido ne ke yaudara. Mai gida-gida ce ta ci masa wuni guda cur. Da ya gama ya ja baya ya yaba wa kansa, ya zauna a gefenta ya sha shayi, sannan ya tashi ya shiga gari sayen burodi.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda gari ya karɓe shi ran nan. Mai burodi ta yi ta murmushi har da share hawaye. Mutanen da ke zaune a ƙofar gidan waya suka miƙe suna tafi. Mai gyaran taya ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Clarrie, mutumina, akwatin tashi na biyu ka samu a tsere ke nan? Allah ya ba da sa'a!" Clarrie ya ɗaga masa hannu irin na manyan mutane. Ashe labarin dabararsa har ya bazu.

Ya dawo gida ya tarar da Noelene tana wanke shuɗi daga zannuwanta.

"Yaya, gari ya ɗauka. Yau har tafi aka yi mini."

"Juya."

"Me?"

"Juya in gani."

Ya juya. Bayan wandonsa, tun daga ƙugu har cinya, baƙi da fari ne gida-gida, tsaf kamar an auna da ma'auni.

Noelene ta yarfe ruwan hannunta. "Tun yaushe kake yawo da wannan?"

"Da me?"

"Ka zaga gari kaf da dara a gindinka ba ka sani ba. To gaya mini, injiniya: kai mai hannu biyu da wuyan juyawa ba ka ga abin da ke bayanka ba. Shi kare, da ake ɗaura masa rigar a gadon baya yana kallon gaba, ta yaya zai san ja ce ko kore?"

Clarrie ya yi shiru na kusan daƙiƙa uku, abin da mutanen Yarrambil suka daɗe ba su gani ba.

"Madubi," ya ce. "Dama yana cikin tsarin. Jira nake in ga ko akwai mai kaifin basirar da zai tambaya."

Ran Laraba aka yi gwaji. Clarrie ya ciro ƙyauren kwabar kayan Noelene mai dogon madubi, ya kai fili, ya jingina shi a bakin shinge inda ya jera katifu. Rabin gari ya zo kallo da kujerunsa. Athol ya kawo tsohon karensa Sajan, wanda ya yi ritaya daga tsere tun shekara huɗu, aka ɗaura masa jar riga.

"Ku lura," in ji Clarrie. "Zan nuna masa kansa, ya ga ja, ya riƙe a ƙwaƙwalwa. Kare ya fi wasu mutane kai, ban ambaci suna ba."

Sajan ya dubi madubi. Ya ga wani tsohon kare mai jar riga yana kallonsa ido cikin ido ba kunya. Gashin wuyansa ya miƙe. Ya yi gurnani, wancan ma ya yi. Ya zaga bayan madubin don su daidaita, bai tarar da kowa ba sai ƙafafun Clarrie. Ya dawo gaba, ga ɗan rainin wayon nan ya dawo. A zagaye na uku igiyarsa ta naɗe ƙafar Clarrie da ƙyauren kwaba tare, su duka suka tafi ƙasa, Clarrie a ƙasa, madubi a sama.

"Bai fashe ba!" ya yi ihu daga ƙarƙashi.

"Da ya fashe da kai ma ka fashe," in ji Noelene.

Sajan kuwa, ganin abokin gaba ya gudu, ya taka a hankali zuwa layin katifu. Ya shinshina ta farko, jar nan, ya ɗaga ƙafa.

Clarrie ya miƙe zumbur. "Kun gani? Kun gani da idonku? Ja ya zaɓa! Ya sa hannu!"

Sajan ya matsa ya sa hannu a mai gida-gida. Ya sa a fara. Ya bi layi ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba gidajen haya, da ya kai ƙarshe yana da ɗan saura, sai ya ƙarasa a takalmin Clarrie.

"Kai kuma wane launi ne, mutumina?" in ji mai gyaran taya.

"Wannan ya nuna ya san dukkan launukan," in ji Clarrie yana goge takalmi a ciyawa. "Karen ya wuce ajin da na sa shi."

Athol ya cire hula ya sosa sanƙo. "Clarrie, ɗan nan, bari in gaya maka abu ɗaya don Allah. Waɗannan karnukan ba ruwansu da launi. Abu biyu suke bi, abin da ya motsa da abin da ya yi ƙara. Kana tsammani don me muke cusa wa zomon 'yar robar nan mai tsuwa a ciki? Tun suna 'yan kwikwiyo da tsuwar nan ake horar da su. In sun ji ta, ko uwarsu ba sa gani."

"Dattijo, ka riga ni a baki ne kawai," in ji Clarrie. "Mataki na uku ke nan."

Kafin la'asar ya kwashe duk kajin roba da ke kantin garin, irin dogayen nan na wasan yara masu ihu in an matsa cikinsu. Takwas cif. Ya sa kowacce a ƙarƙashin katifa da katako a kanta da igiya, igiyoyin duka suka haɗu a hannunsa a bakin ƙyaure. In ya ja, katifa takwas za su yi kuka a wuri takwas, karnuka su rarrabu. Ran Alhamis ya yi ta ja yana saurare, yana gyara murya, har shanun gonar da ke maƙwabtaka suka daina cin ciyawa. Ran Juma'a motar yashi ta zo. Noelene da Athol da wasu mutum biyar suka ɗage katifun, suka zuba yashi har ya kai rabin ƙwauri, suka mayar masa da kayansa yadda suka same su. Clarrie bai taɓa shebur ba. Ya ce shi ba ya sa hannu a aikin da bai yi imani da shi ba.

Ran Asabar da sassafe ya iso fili yana fito, sai fiton ya maƙale. Garken fararen aku, irin masu tukkun nan da ba sa barin komai da lafiyarsa, sun riga shi zuwa aiki. Igiyoyi takwas sun zama zare. Katifa mai ruwan hoda kuwa, wadda wataƙila ta yi musu kama da nama, sun yi mata fata-fata, soso ya watsu kamar an yi ruwan auduga. Guda biyu suna zaune a kan ƙyaure suna kallonsa da kai a karkace.

Wani mutum da ya ga haka sai ya ce ƙaddara ce. Clarrie ya dubi katifa bakwai, ya dubi tumbinsa, sai wata dabara ta faɗo masa wadda ta fi duk na baya.

Ƙarfe ɗaya saura jami'ar hukuma ta iso. Sunanta Halloran, doguwa, da littafi a hammata da fuskar da ba ta saba da dariya a bakin aiki ba. Bev ta ba ta gasasshen naman sosej a cikin burodi, ta karɓa ta ci a tsaye tana duba shinge. Ta taka yashi ta rubuta wani abu. Ta dubi katifu bakwai masu launi ta daɗe ba ta rubuta komai ba.

"Waɗannan fa?"

"Na injiniyanmu ne," in ji Bev tana kallon sama.

"Ina ta takwas?"

"Ga ta nan, ranki ya daɗe!"

Daga bayan ɗakin awon karnuka Clarrie ya fito. Yana sanye da rigar wankan Noelene mai ruwan hoda, ya cusa gashin tumaki gaba da baya da hannuwa har ya ninka kansa biyu, ya ɗaure da igiyar buhu. Kawunan kajin roba suna leƙe daga aljihu da ƙirji da ɗamara.

"Rigata!" in ji Noelene. "Clarrie, rigar da na yi shekara tara ina lallaɓawa!"

"Yaya, tarihi za ta shiga. Ranki ya daɗe, tsarin mai sauƙi ne. Da karnuka sun shigo zan jefa wa kowace katifa kazarta, kowa ya bi tasa. Ni ne katifa ta takwas. Kare ɗaya tak zai zo wurina, kuma Lamington ce a akwati na takwas, 'yar gida ce, ta san ni."

"Ta san ka, shi ya sa nake tsoro," in ji Noelene. Yau ne karon farko da Lamington za ta yi gudu tun da likitan dabbobi ya sallame ta.

Jami'a Halloran ta dubi agogo. "Kare ɗaya ya yi ɗingishi, na rufe. Bismillah, ku fara."

Aka saka karnuka a akwatunan tashi, kowanne da takunkumin waya a baki kamar yadda doka ta ce. Athol ya tada inji, zomo ya taho yana tsuwa, ƙyamaren akwatuna suka ɗage.

"Sun tashi!" in ji Bev a lasifika. "Ja a gaba, kore na binsa, Lamington ta waje tana tahowa kamar an aike ta!"

Clarrie ya tsaya a bakin shinge ya ja numfashi. Daƙiƙa talatin ke nan tsakaninsa da suna. Ya hango kansa a jarida. Ya hango mutanen Sydney da huluna a hannu.

"Lamington! Lamington ta ɗauka da tsawon wuya! Kore na biyu!"

Athol ya sassauta zomon tun daga kwana kamar yadda ya faɗa, zomo ya sulale ta kafarsa, karnuka takwas suka kwararo cikin shinge. Clarrie ya tura ƙyaure ya rufe, ya juya da gudu don ya kai tsakiya ya fara rabon kaji. A nan ne yashin da bai yi imani da shi ba ya yi imani da shi. Ƙafar dama ta nutse, ta hagu ta bi ta neman labari, tumbi ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Clarrie ya faɗi rub da ciki a kan kaji takwas.

Waɗanda suka ji ƙarar nan har yau ba su daidaita a kan kamarta ba. Wasu sun ce kamar an taka wutsiyar aladu takwas. Athol ya ce shi ya ɗauka ƙahon tashin duniya ne, har ya fara tuba.

Kunnuwa goma sha shida suka miƙe. Babu karen da ya ko kalli kafar zomo. Babu wanda ya kalli ja ko kore ko mai gida-gida. Yashi ya riga ya cinye musu rabin gudu, kuma abin da ke kuka a tsakiyar fili yana da faɗin da kowa zai samu gefensa ba tare da ya ture wani ba. Suka kewaye shi kamar 'yan biki sun kewaye tire.

Takunkumi ya hana su cizo, sai suka koma zungura. Mai ja ya zungure shi a haƙarƙari, kaza ta yi ihu. Ihun ya ƙara wa mai shuɗi ƙaimi, ya zungure shi a ɗuwawu, wata kazar ta amsa. Clarrie ya mirgina don ya tsere, kaji uku suka yi kuka tare. Lamington, 'yar gida, ta haye gadon bayansa ta tsaya da ƙafa huɗu tana tsalle, kowane tsalle da amonsa.

"Ku kama su! Yaya! Athol! Lamington, ni ne, kawunki ne!"

Bev kuwa ta manta lasifika a buɗe take, ko kuma ba ta manta ba. "Clarrie a ƙasa, jama'a, Clarrie a ƙasa! Yana neman hanyar ciki, baƙi ya tare! Ya juya waje, fari na jiransa! Gashin tumaki na tashi! Kai, wannan tsere ya fi na farko!"

Masu karnuka sun daɗe ba su shiga kamu ba, don dariya ta hana su tsayuwa. Da ƙyar aka sa wa kowane kare igiya. Aka bar Clarrie kwance a yashi, rigar wanka ta koma wuya, gashin tumaki a baki, wata kaza a ƙarƙashinsa tana sakin numfashinta na ƙarshe a hankali.

Daga nan likitan dabbobi ya shigo. Ya bi karnuka ɗaya bayan ɗaya, yana lanƙwasa ƙafa, yana matsa kafaɗa, yana sa a zaga da su a gaban jami'a. Noelene ta riƙe igiyar Lamington da hannu biyu.

"Likita," in ji Clarrie daga ƙasa, "ina jin haƙarƙarina ya tafi."

"Ƙafa nawa gare ka?"

"Biyu."

"To bi layi, masu huɗu ne a gaba."

Ya zo kan Lamington a ƙarshe. Ya daɗe a kafaɗar nan, ya ja, ya tura, ya sa aka yi sassarfa da ita zuwa ƙyaure aka dawo. Sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa. "Takwas lafiya lau. Ko ƙwarzane babu."

Jami'a Halloran ta buɗe littafi. "Wanda ya ji ciwo?"

"Ni," in ji Clarrie.

"Takardata ba ta da gurbin mutane." Ta yi rubutu. "Yashin nan ya zauna. Sassauta zomo ya zauna. Katifun nan bakwai a kwashe su kafin wani kare ya yi tuntuɓe. Amma ta takwas ɗin," ta nuna Clarrie da biro, "ban taɓa ganin abin da ya janye karnuka daga bango irinta ba. Babba, mai laushi, mai ƙara, a tsakiyar fili. In za a riƙa sa ta a kowane tsere, filinku ya tsira. Wa ya ƙirƙiro?"

Clarrie ya tofar da gashin tumaki ya tashi zaune. Ciwon haƙarƙari ya ɓace nan take. "Ni ne, ranki ya daɗe. Tun farko abin da na tsara ke nan. Katifun na ɓad da sawu ne, saboda masu satar fasaha."

"Madalla. Tsere nawa ya rage yau?"

"Tara," in ji Bev.

"To a gyara shi a mayar tsakiya. Minti goma sha biyu ya rage a tashi na biyu."

Clarrie ya dubi jami'a. Ya dubi ƙofar ɗakin karnuka, inda wasu takwas sababbi, masu cikakken ƙarfi, suka ji kukan kaji tun ɗazu suna ta haƙa ƙasa. Ya dubi yayarsa.

"Yaya," ya ce da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba. "Yaya Noelene. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Noelene ta bar shi ya jiƙa har sai da aka fara fito da karnukan tsere na biyu. Sannan ta ce wa Athol ya jawo a-kori-kura. A bayanta akwai ƙaton buhun gashin tumaki da ta ɗinke tun ran Juma'a, abin nan babba mai laushi da ta faɗa a baranda ba wanda ya saurara. Abin da bai zo mata a rai ba shi ne ƙara.

"Tuɓe rigar," ta ce wa Clarrie. "Ka riga ka kashe ta. Kawo kajin kuma."

Aka cusa kaji takwas a buhu, aka sa masa rigar wanka mai ruwan hoda, aka ɗaure da igiya a ƙugu, aka gangara shi tsakiyar yashi. Mai gyaran taya ya cire hular Clarrie ya ɗora wa buhun a ka. Tsere tara aka yi, karnuka saba'in da biyu suka huce a kan buhun nan, babu wanda ya yi ɗingishi. Jami'a Halloran ta sa hannu, ta ci sosej na biyu, kuma akwai masu rantsuwa cewa sun ga kafaɗunta na rawa lokacin da take shiga mota.

Tun daga ranar sunan buhun Clarrie. Da karnuka sun wuce layi za ka ji Bev a lasifika tana cewa, "A taka Clarrie!" sai wani ya taka shi ya yi ihu. Shi kuwa mai sunan yana nan a bakin ƙyaure, kuma duk baƙon da ya tsaya kusa da shi sai ya ji yadda ya yi wata shida yana lissafin abin a takarda, da yadda ya sadaukar da haƙarƙarinsa uku, wani lokaci biyar, don ceton Yarrambil.

Kwanaki wasu mutane suka zo daga wani filin tsere na kudu don ganin dabarar. Ba su cire hula ba, amma sun tarar da Noelene tana shayar da Lamington ruwa, suka ce an ce su nemi Clarrie, sun kuma ji akwai biyu.

Ta nuna musu shinge da haɓa. "Ga su can, girmansu ɗaya. Ba wuyar bambantawa. Ɗayan sai an taka shi yake ƙara."